Yadda Magada Za Su Nemi Diyyar Rai Bayan Hatsarin Mota Idan Inshorar Mai Laifi Ba Ta Isa Ba

Idan mota ta yi sanadin mutuwar mutum a Najeriya, maganar da magada suka fi ji daga bakin mai motar ko wakilinsa ita ce: "Inshorarmu ƙarama ce, ba za ta biya fiye da kaza ba." Iyalai da yawa a nan suke tsayawa, su karɓi ɗan abin da aka miƙo musu na hidimar zaman makoki, su sa hannu a wata takarda a ofishin 'yan sanda, bayan wata biyu kuma nauyin ci da sha da kuɗin makarantar marayu ya faɗa kan matar mamacin ita kaɗai. Abin da ya kamata magada su riƙe tun daga farko shi ne, iyakar da aka rubuta a takardar inshora yarjejeniya ce tsakanin kamfani da wanda ya saye ta, kuma ba ta rage ko kwabo daga haƙƙin da ke wuyan wanda ya yi sakaci. Duk abin da kotu ta yanke bashi ne a kansa da kan duk wanda doka ta haɗa da shi. Inshora hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin da kuɗin zai iya fitowa.

Kwanakin farko

A al'adarmu ba a jinkirta jana'iza, don haka takardun da shari'a za ta dogara da su dole ne a neme su a daidai lokacin da hankalin kowa yake a tashe. Ya kamata dangi su ware mutum ɗaya mai natsuwa, ƙanin mamacin ko amininsa, wanda aikinsa kawai shi ne takardu. Kafin a ɗauki gawa daga asibiti, ya karɓi shaidar likita da ta bayyana sanadin mutuwa, domin idan babu ita lauyan ɗaya ɓangaren zai iya cewa wata cuta ce ta daban ta kashe mutumin, musamman idan ya yi kwanaki yana jinya kafin ya cika. Daga baya sai a yi rajistar mutuwar a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Wannan mutumin ya rubuta lambar motar, sunan direba, sunan da ke jikin motar idan ta kamfani ce, da sunaye da lambobin wayar waɗanda abin ya faru a gabansu. Mai shayi ko mai faci da ke bakin hanya yakan fi fasinjan da ya wuce amfani, saboda shi za a same shi a wurin bayan shekara guda. A nemi kwafin rahoton 'yan sanda na sashen kula da zirga-zirgar motoci tare da zanen da suka yi na wurin hatsarin, da rahoton jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa idan sun halarta, da rahoton jami'an VIO da suka duba lafiyar motar, domin shi ne zai nuna ko birki ya lalace ko tayoyi sun suɗe tun kafin ranar. Hotuna da bidiyon da aka ɗauka a bar su a cikin wayar da aka ɗauke su da ita, kada a sayar da ita ko a goge su, saboda Dokar Shaida ta 2011 tana buƙatar bayani kan na'urar da ta samar da irin wannan shaida. Rasiɗan asibiti, na magani, na motar ɗaukar gawa, duk a tara su a jaka ɗaya.

Gano ainihin abin da inshorar ta ƙunsa

Mataki na biyu shi ne a bincika ko akwai inshorar ma. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda ake shigar da lambar mota ta intanet a ga sunan kamfanin da ranar da inshorar za ta ƙare. A yi wannan binciken da wuri, a adana hoton abin da ya fito, domin takardun bogi da ake haɗa wa mutane a bakin ofisoshin lasisi suna da yawa ƙwarai, kuma sau da yawa shi kansa mai motar bai san ta bogi ce a hannunsa ba.

Idan ta tabbata ta gaskiya ce, a nan ne ake yawan ruɗar magada. Tun daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar ɓangare na uku, wato wadda take biyan ɓarnar da mota ta yi wa wasu mutane, ta motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Manyan motocin dakon kaya suna biyan naira 100,000, iyakarsu kuma miliyan 5. To amma wannan iyaka ta ɓarnar dukiya ce, wato motar da aka buge, shagon da aka rushe, ko katangar da aka ture. A tsarin da aka saba na wannan inshora, rai da raunin jiki ba su da ƙayyadadden adadi. Saboda haka duk wanda ya ce wa magada "miliyan uku ce iyaka", a nemi ya nuna sakin layin da ya faɗi haka a cikin cikakkiyar takardar yarjejeniyar, ba ƙaramar shaidar da ake nuna wa jami'ai a hanya ba.

Inda inshora take gazawa da gaske wurare ne na daban. Wani lokaci mamacin fasinja ne a cikin motar, alhali yarjejeniyar ta sa wa fasinjoji iyaka ta musamman ko ba ta ambace su ba. Wani lokaci yaron mota ne, wanda ake ɗauka ma'aikacin mai motar ne, ba ɓangare na uku ba. Akwai motar gida da aka mayar kabu-kabu, da direban da ba shi da lasisi, da inshorar da ta ƙare mako guda kafin hatsarin, da kuma kamfanin da aka soke lasisinsa. Kamfani zai iya fakewa da ɗaya daga cikin waɗannan, amma ba kowane uzuri ne doka take karɓa a kan wanda aka kashe ba, don haka a nemi su rubuta dalilin ƙin biyan a takarda, lauya ya auna shi.

Neman duk wanda doka ta ɗora wa alhaki

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane tasiri, kuma shi aka fi sakaci da shi. Direba sau da yawa talaka ne, ba shi da komai sai albashinsa ko abin da ya rage bayan ya kai balas, kuma hukuncin miliyoyi a kansa shi kaɗai takarda ce kawai. Doka ta san da haka. Idan direba ya yi sakaci yana cikin aikin ubangidansa, ubangidan yana ɗaukar alhakin tare da shi, ko da yana kwance a gidansa lokacin da abin ya faru. Haka kuma idan aka tabbatar da wanda ya mallaki motar, kotu takan ɗauka cewa direban yaronsa ne ko wakilinsa, sai idan shi mai motar ya kawo hujjar da ta nuna akasin haka. Shi ya sa binciken sunan da ke rajistar motar a ofishin lasisi, da binciken kamfanin a Hukumar Rajistar Kamfanoni, suke da muhimmanci kafin a shigar da ƙara.

A ɗauki misalin tirelar da ta lalace aka bar ta a tsakiyar hanya da dare babu fitila babu alama, sai 'yan ganyen da aka watsa a baya, bas kuma ta zo da gudu ta afka mata, fasinja ya rasu. A nan akwai direban bas da mai bas, akwai direban tirela da mai tirela, kuma kowace mota tana da tata inshorar. Idan kamfani ne ya ɗauki hayar tirelar kuma shi ke ba direban umarni, shi ma a duba matsayinsa. Idan ɗan kwangilar gyaran hanya ne ya tare hannu ɗaya bai sa alama ba, ya shigo cikin lissafi. Ƙa'idar ita ce, idan sakacin mutane biyu ko fiye ya haɗu ya jawo mutuwa ɗaya, magada suna iya karɓar cikakken kuɗin daga hannun kowane ɗaya daga cikinsu, su kuma su je su daidaita a tsakaninsu. A ganina lauyan da ya shigar da ƙarar direba kaɗai a irin wannan hali bai yi wa marayu aiki ba.

Ya kamata kuma magada su shirya jin cewa mamacin ma yana da nasa laifin, misali ya tsallaka titi ba tare da dubawa ba ko yana kan babur ba fitila. Idan hakan ta tabbata, kotu tana rage diyyar gwargwadon kason laifinsa, amma ba ta soke ta gaba ɗaya.

Wa zai shigar da ƙara, kuma yaushe

Jihohin Arewa sun gaji dokar haɗurran da suka jawo mutuwa ta 1956 daga tsohuwar Jihar Arewa, kowace da irin gyaran da ta yi mata. Wanda ya karɓi takardar izinin kula da dukiyar mamaci shi ke shigar da ƙara a madadin iyali, idan kuma wata shida suka wuce bai yi ba, ko babu shi, magadan da kansu za su iya yi. Ƙara ɗaya ake yi kan mutuwa ɗaya, don haka a rubuta sunan kowa: dukkan matan, 'ya'yan kowane ɗaki, iyayen da yake ciyarwa, har da cikin da ba a haifa ba. Dokar Arewa ta yi la'akari da Musulmi, inda ta ɗauki waɗanda suke da rabo a diyyar kisan kuskure a matsayin iyalin mamacin. Gidan da ke da ɗakuna biyu ko uku ya fi kowa buƙatar a zauna a amince da wakili ɗaya tun farko, domin rabuwar kan magada ita ce babbar ribar wanda ake ƙara.

Wa'adin da aka saba shi ne shekara uku daga ranar mutuwa. Amma idan motar ta gwamnati ce ko jami'in gwamnati ne yake tuƙi a bakin aiki, Dokar Kare Jami'an Gwamnati tana iya rage wa'adin zuwa wata uku kacal, wasu hukumomin kuma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Iyalin da suka ce bari a gama takaba tukuna, wadda take wata huɗu da kwana goma, za su iya tarar da ƙofar ta rufe. Kada kuma a jira ƙarshen shari'ar laifi da 'yan sanda suka shigar, domin ita hanyarta daban, ko da yake hukuncinta yana iya ƙarfafa ƙarar diyya, kuma alƙalinta yana da ikon ba da umarnin biyan wani abu ga iyalin.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke jiharsa, domin dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙararrakin haɗurra. Ƙa'idojin aikin lauya kuma sun halatta yarjejeniyar da za a biya lauya kaso daga abin da aka samu. A rubuta kason a takarda, a kuma fayyace wanda zai ɗauki kuɗin shigar da ƙara da na kawo shaidu.

Sanar da kamfanin inshora da lissafin abin da ake nema

Da zarar an san kamfanin, a rubuta masa wasiƙa mai ɗauke da lambar motar, lambar inshorar, ranar hatsarin da wurinsa, sunan mamacin, da bayanin cewa magada suna neman diyya. A kai ta hannu da hannu, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a dawo da shi gida. Ranar da aka shigar da ƙara a sake aika musu wata sanarwar. Dokar Inshora ta 2003 ta ɗora wa kamfani biyan hukuncin kotu ne da sharaɗin an sanar da shi kafin fara shari'ar ko cikin kwana 30 da farawa. A 2025 an kafa sabuwar dokar da ta maye gurbinta tare da tsohuwar dokar inshorar motoci ta 1945, don haka lauya ya duba lafazin da ke aiki a yanzu, amma sanarwar gaggawa a rubuce ba ta taɓa cutar da mai nema ba. Idan kamfani ya yi shiru ko yana ta jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi.

Babbar Kotun Jiha ba ta auna baƙin ciki, abin da take aunawa shi ne tallafin da iyali suka rasa. Ana duba abin da mamacin yake kashe wa iyalinsa a shekara, a ninka shi da adadin shekarun da kotu ta ga ya dace bisa shekarunsa da na waɗanda ya bari, a ƙara kuɗin jinya da na jana'iza. Misali, mutumin da yake kashe wa gidansa naira 100,000 a wata, wato miliyan 1.2 a shekara, idan kotu ta ninka da goma, an sami miliyan 12. Ma'aikaci yana da takardar albashi. Ɗan kasuwa ko manomi kuwa sai an haɗa masa hujja daga bayanan asusun banki, littafin bashin shago, rasiɗin kuɗin makarantar yara da na haya, da shaidar abokan sana'arsa.

A ɓangaren shari'ar Musulunci, aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyyar kisan kuskure, a miƙa ta ga iyalin mamaci sai idan sun yafe. Adadinta raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000 na zinari, kimanin kilo 4.25, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma a asali dangin mai kisan ta wajen uba ne suke haɗa ta cikin shekara uku. Wace kotu za a je, kuma wane ma'auni za a nema, abu ne da za a yanke da lauya, amma idan akwai kamfani ko hukuma a cikin waɗanda ake ƙara, Babbar Kotu ta fi kauce wa gardamar hurumi. Masu ƙyamar kuɗin inshora su tambayi malamin da suka amince da shi, domin malamai da dama suna ganin magada haƙƙinsu suke karɓa, ko ta hannun wa ya fito.

Sulhu da yafiya

Mafi yawan irin waɗannan maganganu a zaure suke ƙarewa, kuma sulhu ba abin kunya ba ne. Sau da yawa miliyan biyar a hannu bana ta fi hukuncin miliyan ashirin da za a yi shekaru ana bi. Abin da ake gudu shi ne sulhun rana ta uku, lokacin da mai mota ya zo da dattawa da shugabannin ƙungiyar direbobi, aka ajiye buhun shinkafa da ambulan, wani baffa ya ce, "Mun yafe, haka Allah ya ƙaddara." Yafiya alheri ce, kuma baligi yana da ikon yafe rabonsa. Amma diyya dukiyar gado ce, ana raba ta yadda ake raba gado, kuma baffa ba shi da ikon yafe rabon matar mamacin, balle na yaron da bai balaga ba, wanda waliyyinsa ma ba a ba shi damar kyautar da dukiyarsa ba. Amsar da ta dace a irin wannan zama ita ce a yi godiya, a ce za a yi shawara da sauran magada.

Kafin a sa hannu a kowace takarda, a karanta a ga wa ake sallama. Takardar da kamfanin inshora yake bayarwa yawanci tana cewa an karɓi kuɗin a matsayin biyan ƙarshe na duk wani haƙƙi, kuma irin wannan lafazi yana iya wanke direba da mai mota baki ɗaya. Idan abin da inshora ta biya bai kai ba, a rubuta ƙarara cewa wani ɓangare ne aka karɓa, kuma magada suna nan a kan haƙƙinsu na bin sauran. Idan mai motar zai cika ragowar kashi-kashi, a sa ranaku da adadi, a nemi mai tsaya masa ko jinginar wata kadara, sannan a kai yarjejeniyar kotu ta zama hukuncin amincewar juna. Cibiyoyin sulhu da ke ƙarƙashin manyan kotuna, irin na Kano da Abuja, an kafa su ne domin wannan aiki.

Kuɗin da ba su rataya ga mai laifi ba

Idan mamacin ma'aikaci ne, Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa wurin aikinsa yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba, ga kuma abin da ya tara a asusun fanshonsa. Idan a bakin aiki ya rasu, ko a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba iyalinsa damar nema daga NSITF, asusun gwamnati na biyan diyyar ma'aikata, kuma ana so a shigar da buƙatar cikin shekara guda. A nan a yi shawara da lauya tukuna, saboda karɓar wannan diyya yana iya shafar ikon kai wanda ya jawo hatsarin ƙara. Game da motar da ba ta da inshora ko wadda ta gudu ba a gane ta ba, tsohuwar Dokar Inshora ta 2003 ta tanadi asusu a ƙarƙashin NAICOM domin irin waɗannan mamata, don haka a rubuta wa hukumar a nemi tsarin da ake bi a yanzu.

Karɓar kuɗin bayan hukunci

Kotu ba ta bin bashi da kanta, sai wanda ya yi nasara ya nema. Hanya mafi sauri ita ce a nemi umarnin riƙe kuɗin da wanda aka kayar yake da su a banki, inda kotu take kiran bankunan su bayyana abin da ke asusunsa kafin ta ce a miƙa wa magada. Idan babu kuɗi a banki, ma'aikatan kotu suna iya kama kayansa masu motsi, har da motocinsa, a yi gwanjonsu, idan kuma ba su isa ba a nemi izinin Babbar Kotu a kan fili ko gida. Wanda ba shi da komai sai albashi ana iya sa masa biya wata-wata. Idan kuɗin yana hannun jami'in gwamnati a matsayinsa na jami'i, sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce sai da amincewar Antoni Janar, kuma wannan yakan ci lokaci.

Tun ana cikin shari'a ya kamata magada su riƙa lura da kadarorin wanda suke ƙara, su rubuta lambobin sauran motocinsa da bankunan da yake hulɗa da su, domin idan aka ga alamar yana sayar da su ko yana mayar da su sunan wani, lauya zai iya neman kotu ta dakatar da shi. Duk abin da ya shigo, ko kashi na farko ne, a raba shi a gaban alƙali ko malamin da ya san rabon gado, a rubuta rabon kowa, na ƙananan yara kuma a buɗe musu asusu da sunansu, da sa hannun mutum biyu daga ɓangaren uwa da na uba.